Baba Yoyo da Tankin Mazurari

Da asuba, tun injinan masaƙa ba su fara ruri ba, Baba Yoyo yana durƙushe ƙarƙashin babban bututun da ke kai ruwa ɗakin rini, yana shimfiɗa takarda a ƙasa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Duk mahaɗar bututun da aka taɓa jiya, sai ya sa mata busasshiyar takarda, ya tafi ya zaga, ya dawo bayan minti goma. In takarda tana nan a bushe, aiki ya yi. In ya ga ɗigo ɗaya, ko bai kai ƙwayar gero ba, sai ya ɗauki takardar ya kai wa wanda ya yi gyaran, ya ajiye masa a gaba, ya juya abinsa. Ba faɗa, ba zagi. Da yawa cikin ma'aikata sun ce da ma zaginsu ya yi, da ya fi sauƙi.

Daga nan sunan ya samo asali. Mutum ne da ya ƙi jinin yoyo, sai kuwa aka laƙaba masa shi, kuma ya bi shi har gida. Kalmar da ya fi tsana a duniya ita ce "ya gyaru". Duk wanda ya faɗa masa ita, amsa ɗaya yake samu:

"Bakinka ya ce ya gyaru. Bari mu ji ta bakin takarda."

Karatunsa a aji biyar ya tsaya, sauran a hannun kawunsa mai gyaran famfo ya ƙarasa shi. Injin jan ruwa ya cinye masa kunnen hagu, siminti ya cinye gwiwoyi. Matarsa ta ce kunnen lafiyarsa lau, sai in ita ce ke magana yake mutuwa. Kayan aikinsa na gaske uku ne: sifana, guntun alli a bayan kunne, da wani agogon hannu da maɗaurinsa ya tsinke tun kafin a haifi autarsa, yana yawo da shi a aljihu. 'Ya'yansa maza uku sun kama gabansu. Ɗaya direba, ɗaya tela, ɗaya yana sayar da wayoyi, sana'ar da Baba Yoyo ke kira cinikin baki. Sai Auta, wadda ta shiga kwaleji karatun injiniya. Tun ranar da ta kawo takardar ɗauka ya daina kiranta Auta, ya koma Injiniya, wai don sunan ya fara saba wa da ita.

Ita ce ke ba shi takardun gwajin yoyo. Duk lissafin da ta yi ta ɓata, sai ta tara masa a leda. Shekara biyu bututun masaƙa yana ɗiga a kan lissafin da ake kira kalkulas. Bai san abin da rubutun ke cewa ba, amma ya saba da wata doguwar alama mai lanƙwasa sama da ƙasa, kamar ƙugiyar rataye nama, wadda ke kan kusan kowane shafi. Ƙugiya ma yake kiranta.

A wannan Asabar ɗin ledar ta yi nauyi. Da ya zura hannu, ba ɓatattun shafuka ya ciro ba. Littattafai ne guda-guda, har da mai baƙin bango wanda shi da kansa ya sayo mata. A tsakiyarsa ga wata 'yar takarda mai hotonta, da lambar kujera, da kwanan wata. Lambobi kam yana karantawa. Jibi ne, Litinin.

Ya san labarin. Akwai wani darasin fiziks da ake yi da kalkulas, ya kayar da ita sau biyu. Dokar kwalejin kuwa, wanda ya faɗi na uku ya bar sashen ke nan. Ya daɗe a durƙushe da takardar a hannu, har gwiwa ta fara yi masa magana. Sannan ya mayar da komai cikin leda, ya yage kwalin sabulu ya sa ƙarƙashin bututun.

Da la'asar ya dawo da ledar, ya sami Auta a tsakar gida tana tsince shinkafa, mamanta tana shanya.

"Injiniya, yau takardar da kika ba ni ta yi nauyi."

Ba ta ɗago ba. "Na gama da su ne, Baba."

"Kin gama da su, ko sun gama da ke?"

"Ka bar yarinya ta sha iska," in ji Maman Auta daga bayan igiyar shanya. "Tun shekaranjiya ta faɗa mini ba za ta je ba. Na ce ta faɗa maka, ta ce kunnen hagu za ka juyo mata."

Ya jawo kujera ya zauna, ya juyo na dama da gangan, har yana nuna shi da yatsa.

Auta ta ture farantin. "Baba, ba wai ban yi karatu ba ne. Na haddace komai. Ko daga barci ka tashe ni zan karanto maka. Amma da na shiga aka ce ga tanki cike da ruwa, ga rami a gindinsa, yaushe ruwan zai ƙare, sai kaina ya ɗauke wuta. In rubuta, in rubuta, in fito ina murna, sakamako ya zo a ce ban ci ba. Gara in bari da kaina da a kore ni."

"Tsaya. Me kika ce? Tanki?"

"Tanki, da igiya mai lilo, da mota mai taka birki. Amma tankin ne ya fi cin maki."

Ya dubi matarsa. "Maman Auta, kin ji? Shekara biyu tanki ke kayar da 'yarki, tana kwana gida ɗaya da ni."

"To, ai ba ka taɓa tambaya ba. Kai dai a ba ka takarda."

Wannan ta shige shi. Ya tashi ya nufi duron ruwan gidan da ke kan dakali. Duro ne mai famfo a gindi, kuma shi da kansa ya ɗaura masa wani siririn tiyo garai-garai a gefe, wanda ke nuna inda ruwan ciki ya tsaya. A cike yake taf, don da safen nan aka tara.

"Kada ka taɓa mini ruwa!" in ji Maman Auta.

"Aro zan yi. Kawo robobi."

Aka jera duk wata roba da bokiti da tukunyar da ke gidan. Ya ba Auta agogo, ya ce duk minti ɗaya ta ce "yanzu". Ya buɗe famfo har ƙarshe. Ruwa ya fito da ƙarfi yana dukan roba, Maman Auta tana canja mazubi tana mita. Duk sanda Auta ta ce "yanzu", sai ya ja layi da alli a jikin duro, daidai inda ruwan tiyo yake. A "yanzu" ta shida ruwa ya iso rabi.

"Rabi ya tafi a minti shida. Saura minti nawa, Injiniya?"

"Shida mana."

"Madalla. Maman Auta, shirya. Nan da minti shida duronki ya bushe, in ji kwaleji."

Minti goma sha biyu ya cika, ruwa yana nan ya fi tsawon tafin hannu, yana zuba a hankali kamar mai jin kunya. Sha biyar ya wuce. Sha takwas. Baba Yoyo layi kawai yake ja, yana ɗan tari irin na tsokana. Sai da agogo ya nuna minti ashirin da daƙiƙa arba'in famfo ya yi shiru.

"Biyu da biyar," ya ce yana kaɗe hannu. "In rabin farko ya ci biyu, na biyu sai ya ci biyar. Ba wanda ya koya mini, tsayuwa ce ta koya mini. Ruwan sama ne ke danne na ƙasa. Masu dannawa suna raguwa, ƙarfin fita yana raguwa."

Auta ba ta jinsa. Ta tsuguna gaban duron tana kallon layukan alli. Na sama a warwatse suke, na ƙasa sun matsu har suna hawan juna. Ta sa yatsu tsakanin biyun farko, huɗu suka shiga. Ta gangaro inda ruwa ya rage kashi ɗaya cikin huɗu, biyu suka shiga.

"Tsayi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, gudu ya koma rabi," ta ce a hankali. "Baba, wannan na haddace shi. Yana shafi na talatin da wani abu. Wallahi ban taɓa sanin ruwa ne a ciki ba."

"Da me kika ɗauka? Man gyaɗa?"

"Ni gudun farko nake ɗauka, in yi ta jan sa har ƙarshe, kamar ruwan ba ya gajiya." Ta zaro littafin mai baƙin bango daga leda, ta karɓi allin daga hannunsa ba ta ko nemi izini ba. "Ka ga ƙugiyar nan taka? Cewa take a yanka lokaci ƙanana-ƙanana, kowane gutsure da nasa gudun, sannan a tara su."

"Wato alli."

"Alli ne, Baba, amma wanda ba ya jira minti ya cika."

Ta duƙa tana rubutu a kan dakali. Maman Auta ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon robobi goma sha ɗaya da za a mayar cikin duro, tana tambayar wa zai yi, ba wanda ya ji. Can Auta ta ɗago, ido yana ƙyalli.

"Sha huɗu da rabi! Rabi na biyu minti sha huɗu da rabi ne. Naka biyu da biyar ɗin sha biyar yake bayarwa. Na fi ka kusa, Baba. Na gane! Wallahi na gane!"

Nan fuskarsa ta koma ta wurin aiki. A kunnensa, "na gane" ƙanwar "ya gyaru" ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Kin ga amsa da idonki, sannan kika yi lissafin da ya kai ki gare ta. Ko ɗan'uwanki mai waya zai iya wannan. Gobe da safe ki sa takalmin da ba kya so."

Shi ya mayar da ruwan, roba bayan roba, matarsa tana ƙirga masa.

Ranar Lahadi masaƙa ba kowa sai maigadi, kuma ranar ce Baba Yoyo ke wanke tankin tace laka. Wannan tanki ba irin duro ba ne. Siffar mazurari gare shi, baki faffaɗa a sama, yana tsukewa har ya zama tsini a ƙasa, inda bawul ɗin sakin ruwa yake. Yana tsaye kan ƙafafun ƙarfe huɗu, da tsani a gefe, da jan layin fenti a ciki daidai rabin zurfinsa. Sau fiye da dubu ya zubar da ruwan tankin nan. Ya san halinsa kamar yadda ya san tarin matarsa.

Ya hau da Auta ta leƙa, suka sauko. Ya miƙa mata alli, ya nuna mata simintin ƙasa.

"Bawul ɗin nan in na buɗe ba na rufewa sai ya ƙare. Zan hau sama. In ruwa ya taɓa jan layi zan faɗa miki minti nawa ya ci, ke kuma ki faɗa mini nawa ya rage. Nan take, ba sai kin yi shawara da kwaleji ba." Sannan ya ƙara da abin da bai taɓa yi ba a bakin aiki. "Abu mai sauƙi ne ma. Biyu da biyar, kamar jiya."

Ƙarya ce, kuma ta yi masa ɗaci a baki. Amma ya riga ya yanke shawara tun a hanya. In ta ɗauki maganarsa ta maimaita masa, to hadda ce ta canja malami kawai, kuma ba zai tura ta gobe a kayar da ita a gaban mutane ba. Zai ce mata ta huta, ya riƙe littattafan ya yi gwajin yoyo da su, ya koma kiranta Auta.

Ya murɗa bawul, ruwa ya ɓarke cikin magudana. Ya hau tsani da gwiwoyinsa masu ƙara, ya zauna a sama, agogo a tafin hannu. Daga nan yana hango ta. Ta rubuta biyu, ta rubuta biyar, ta ja layi a ƙarƙashinsu, ta tsaya tana kaɗa alli kamar wadda ta gama. Ya kawar da kai ya kalli tanki.

Minti uku. Ruwan sama ko alamar sauka bai cika yi ba, faɗin bakin ya yi yawa. Da ya sake waiwayawa, ta ja da baya tana kallon tankin daga sama har ƙasa, kai a karkace. Sai ta sa takalmi ta goge biyu da biyar ɗin. Ta zana mazurari, ta yayyanka shi da layuka a kwance kamar ana yanka albasa, faya-fayen sama manya, na ƙasa ƙanana. Sannan ga ƙugiya ta fito, doguwa, a kan simintin masaƙa.

Maigadi ya matso da kofin shayinsa ya tsaya a kanta. "Baba Yoyo, wannan zanen fa? Ko sabon bututu za a ja?"

"Matsa mata daga haske," ya ce daga sama.

Minti bakwai. Ta goge wani layi da gefen hannu, ta sake. Allin ya karye, ta ci gaba da guntun. Minti takwas. Ruwa ya fara sauri, jan layi yana tasowa.

"Ya taɓa! Minti tara cif. Saura nawa?"

Ta yi 'yan lambobi biyu da sauri. "Minti biyu ba daƙiƙa huɗu!"

"Kai, Injiniya! Tara fa na ce. Biyu da biyar ai ashirin da biyu ne da ɗoriya."

"Na duro ne wannan, Baba. Nan ƙarfin fita yana raguwa, gaskiya ne, amma tankin yana tsukewa fiye da yadda ƙarfin ke raguwa. Abin da ya rage a ƙasan layin nan kashi ɗaya ne cikin takwas na ruwan. Minti biyu."

"Ubanki kike ƙaryatawa a wurin aikinsa? Shekara talatin da ɗaya?"

Ba ta kalli ƙasa ba. "Bakinka ya ce ashirin da biyu. Bari mu ji ta bakin agogo."

Maigadi ya ƙware da shayi.

Baba Yoyo ya zuba wa agogo ido, ruwa yana juyawa a ƙasansa yana zurarewa kamar ana jan sa da igiya. Minti ɗaya. Ɗaya da rabi. Tsinin tankin ya yi wani dogon gunji, ya haɗiye sauran, ya yi tsit. Minti biyu da daƙiƙa shida.

Ya sauko a hankali, taki ɗaya-ɗaya, ya fi yadda ya saba daɗewa, don akwai abin da ya shiga masa ido a sama. Da ya taka ƙasa ya nuna mata agogo.

"Kin yi kuskuren daƙiƙa goma."

"Baba!"

"Na laka ne. Ba a koya muku laka ba, ba laifinki ba ne." Ya ciro 'yar takardar nan mai hoto da lambar kujera daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda don kada ta jiƙe, ya miƙa mata. "Ƙarfe nawa ne goben?"

"Tara."

"Ki je takwas. In sun kawo lilo ko birki, ki nemi inda abin ke gajiya ko yake ƙara wuta, ki ja masa alli. Kada ki yarda da gudun farko. Kada ki yarda da na kusa da ke. Ni ma kin ga yadda muka yi."

"Da gangan ka yi, ko?"

Ya juyo mata kunnen hagu.

Ta je. Bayan mako shida sakamako ya fito, ta ci da maki hamsin da takwas. Ba ita ce ta ɗaya ba, ba ta kusa da ta ɗaya ba ma, amma kujerarta a sashen ta tsaya. Ta shigo gida da gudu tana faɗa tun daga ƙofa. Baba Yoyo ya ce bai ji ba, a kawo takarda. Ya karɓa, ya ɗaga ta sama wajen haske, ya juya bayanta, ya shafa da babban yatsa.

"A bushe take," ya ce, ya miƙa wa matarsa.

Maman Auta ta ce saura a wanke mata duro, alli ya ɓata shi. Ya ce duk wanda ya taɓa layukan nan shi da ruwan famfo sai dai ya gani a maƙwabta. Suna nan har yau, ya bi su da farin fenti.

A ƙarshen shekarar gwiwoyi suka ci ƙarfinsa, ya ajiye aiki. Ranar Lahadinsa ta ƙarshe ya zo da wuri kamar kullum, ya zaga mahaɗan bututu da takardunsa, ya dawo ya tattara su, duk a bushe. Sannan ya tsaya gaban tankin mazurari. A jikin ƙafar ƙarfen da ke kusa da bawul ya rubuta tara, ya rubuta biyu a ƙasanta, don wanda zai gaje shi. Ya ɗan ja baya ya duba, kamar wani abu bai cika ba. Sai ya matso, ya lanƙwasa harshe a gefen baki, ya zana ƙugiya a gabansu, doguwa, da kyau. A juye ya zana ta, kan yana kallon hagu. Ya mayar da allin bayan kunne, ya ciro agogo, ya murɗa bawul.